Uban Amarya Ba Ya Jin Turanci: Shafi na 17

Masu tambayar ko na manta da tsohon, ban manta ba. Yana nan inda muka bar shi, a kujerar bayan tasi, cikin wandon da bai saba da shi ba.

U Thaung Nyein ya bar zaninsa irin na mazan Burma a gida ne saboda 'yarsa Hnin Wai ta roƙe shi. A garin Mawlamyine na Burma, inda ya koyar da Turanci a sakandare har ya yi ritaya, ba wanda ya taɓa ganin sa da wando, har marigayiyar matarsa. Amma nan Singafo ce, kuma yau Lahadin ganin surukai ce. Za a ci abincin rana da mahaifiyar Clement Quek, yaron da ke neman Hnin Wai, kuma a kan teburin nan matar za ta faɗi ko ta yarda a sa rana ko ba ta yarda ba. Idan wando ne kuɗin shiga, zai sa.

Ya shirya abin da zai faɗa. Gajeren jawabi ne na uba, ba yabon kai, ba roƙo. Tun safe yake maimaita shi a ransa, yana cire kalma yana mayarwa, kamar yadda yake yi wa rubutun ɗalibai da jan biro.

Sun kusa isa Hnin Wai ta yi magana, da Burmanci, idonta a kan wayarta. Phay Phay take ce masa, wato Baba, shi kuma ya ce mata Thami, wato 'yata.

"Phay Phay, idan mun zauna kada ka yi magana."

Ya ce ai ya san kansa, ba zai cika su da surutu ba, magana huɗu ce ko biyar ya zauna.

"Ba haka nake nufi ba. Na ce musu ba ka jin Turanci."

Ya jira ta yi dariya. Ba ta yi ba.

"Ba na jin me?"

"Ko kalma ɗaya. Haka na faɗa."

Daga nan ta fara bayani da sauri, irin na wanda ya daɗe yana haddace uzurinsa. Madam Seah, mahaifiyar Clement, ta taɓa ɗaukar 'yar aiki daga Burma. Yarinyar ta daɗe da tafiya, amma muryarta tana nan a gidan, domin duk ranar da aka yi baƙi sai Madam Seah ta kwaikwayi yadda take Turanci, tana langaɓar da kai, tebur ya ɗauka da dariya. Ranar farko da Clement ya kai Hnin Wai gidan an yi wannan wasan. Bayan an gama aka tambaye ta aikin mahaifinta. Ta ce tsoho ne, yana hutawa, kuma ba ya jin Turanci.

"Kin yi dariyar ke ma?"

"Na yi."

"Ta yi daɗi?"

"Phay Phay, da ta kwaikwayi yarinyar, muryarka na ji. Sak. Gara su ce ba ka ji da su ji ka."

"Ni na koya miki harafin farko, Thami."

"Na sani. Shekaru na yi ina kankare shi daga bakina kafin a daina tambaya ta ko gidan wa nake aiki."

Direban tasin ya ƙara sautin rediyo, kamar ya gane ko da bai ji ba.

U Thaung Nyein ya dubi titi. Ba zai ce ƙarya take yi ba. Tun zuwansa ƙasar nan amsa ɗaya yake samu. Mai sayar da kofi a ƙasan benensu, ma'aikaciyar asibiti, direban bas, duk wanda ya yi wa cikakkiyar jimla sai ya yamutsa fuska ya ce, "Ha?" Sai ya sake faɗa, a sake cewa "Ha?", sannan a juya a nemi wani ƙarami a tambaye shi abin da tsohon yake so. Laifinsa, in ji 'yarsa, yana cinye ƙarshen kalma. Ya saurari mutanen garin da kyau, ya ga su ma cinyewa suke yi, har sun fi shi ci. Bambancin kawai, su a gidansu suke ci.

A Burma akwai wata kunya da ake rainon yaro da ita, ta jin nauyin mutane. Gara baƙo ya kwana da yunwa da ya nemi ƙari. Gara uba ya haɗiye magana da ya sa 'yarsa ta sunkuyar da kai. U Thaung Nyein ya daɗe yana cewa wannan halin ne ya hana ƙasarsu ci gaba. Ya buɗe baki ya ce:

"To, Thami. Ba na ji."

Ta kama hannunsa ta matse. Bai matse nata ba, bai kuma janye ba.

*

Gidan abincin yana hawa na biyu, cike da iyalai, ko'ina ƙarar kwanuka. Teburinsu mai da'ira ne, da gilashi mai juyawa a tsakiya. Madam Seah ta riga su zuwa. Gajeruwar mace ce mai furfura a gyare, tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata, irin matan da ko a zaune suke sai ka ji kamar ana duba farcenka. Mijinta ya rasu, don haka ta zo da ƙanenta, Bernard, mai tumbi da agogon zinariya, ya tsaya a matsayin uba. Gidansu gidan Turanci ne tun kakanni. Da shi suke addu'a, da shi suke faɗa.

Clement ya tashi ya gaishe shi da hannu biyu. Yaro ne mai kirki, irin kirkin da ba ya kare kowa.

Bernard ya kama hannun tsohon ya girgiza, ya matso da bakinsa kusa da kunnensa ya ɗaga murya kamar yana kiran jirgin ruwa.

"Ankul! Ci! Abinci! Daɗi!"

Ya nuna baki, ya shafa tumbi. U Thaung Nyein ya yi murmushi ya gyaɗa kai. Ya lura murmushin bai yi masa wuya ba, wannan ma ya ƙara masa kunya.

Aka zuba shayi. Aka kawo gyaɗa da yankakken barkono a ruwan tsami. Madam Seah ta yi tambayoyi, Hnin Wai tana fassara masa abin da ya riga ya ji, shi kuma yana jira ta gama kafin ya amsa da Burmanci, ita kuma ta mayar. Da aka tambaye shi ra'ayinsa a kan Clement, ya ce yaron yana da ladabi, kuma yana fata zai koyi tsayawa da ƙafarsa. Hnin Wai ta fassara cewa mahaifinta ya ce Clement yana da ladabi ƙwarai. Da aka tambaye shi ko Singafo ta karɓe shi, ya ce gari ne mai tsabta wanda ba ya sauraro. Ta ce ya ce gari ne mai tsabta.

Ya saurari Turancin 'yarsa kamar na baƙuwa. Ba wani abu na Mawlamyine da ya rage a ciki. Ta iya jan ƙarshen magana irin nasu, ta iya dariyarsu. Aiki ne mai kyau. A matsayinsa na malami ya san wahalar da aka sha kafin a kai nan.

Sai Madam Seah ta ce kifin da aka kawo musu wancan karon ya kwana, Clement ya sauka ƙasa wurin tankunan kifi ya zaɓo mai rai da idonsa, ya tafi da Hazel ta koyi yadda ake zaɓe. Hazel ita ce Hnin Wai. Sunan da take amsawa ke nan a kantin magani na asibitin da take aiki, da kuma a gidan surukai.

Ta dubi mahaifinta kafin ta tashi. Ya gyaɗa mata kai.

Suna bacewa Bernard ya sassauta bel ɗinsa ya jingina.

"To, Yaya, ya kika gani?"

Madam Seah ta ce yarinyar ba ta da laifi, tana da aiki, tana da tsabta, ba ta da rawar kai. Abin da ba ta sani ba shi ne ko Clement take so ko jan fasfon Singafo. Bernard ya ce duka biyun ma ba laifi ba ne, shi matarsa gidansa ta aura kuma suna nan lafiya. Ya ce abin dubawa shi ne dangi. Irin waɗannan, ka auri ɗaya, sai ka wayi gari mutum tara suna shanya zani a tagarka.

U Thaung Nyein ya ɗauki gyaɗa ɗaya da tsinken cin abinci. Ba ta suɓuce masa ba. Ya ji daɗin hakan.

"Shi fa?" in ji Bernard, yana nuna shi da haɓa. "Kalli yadda ya zauna. Kamar gunkin da ake sayarwa a filin jirgi."

"Bar shi. Ni shirunsa ya yi mini. Da yana jin ɗan kaɗan, da yanzu ya ishe mu da irin Turancin Mu Mu."

Mu Mu ita ce 'yar aikin. Bernard ya roƙe ta ta yi masa sau ɗaya, na ranar da tukunya ta ƙone. Ta ce ba a nan ba. Ya nace. Ta leƙa hagu da dama, ta langaɓar da kai, ta narkar da murya ta yi.

Hnin Wai ba ta yi ƙarya ba. Muryarsa ce. Hawa da saukarta, inda take tsayawa, inda take haɗiye harafi. Da wannan muryar ya karanta wa aji bayan aji waƙoƙin Turawa, yara suna rubutawa, wasu har suna kuka a inda ya dace. Da ita ya yi wa matarsa karatu a asibiti a watanninta na ƙarshe, tana cewa ba ta gane rabi amma ya ci gaba.

Bernard yana dariya har da buga tebur. Ya dubi tsohon, ya ɗaga masa babban yatsa. U Thaung Nyein ya yi masa murmushi.

Madam Seah ta ce abin da ya dame ta ke nan, jikoki. Idan tsohon zai zauna da su, da wane baki yaran za su tashi? Gara da ba ya ji. Ta kai barkono baki tana maganar, ita ma dariyar ba ta gama sakin ta ba, sai ya sarƙe ta.

Tari ya kama ta, mai tsanani. Fuskarta ta yi ja, hawaye ya zubo. Ta kai hannu ga kofinta, babu komai. Bernard ya ɗaga butar shayi ya girgiza, ita ma ta ƙare. Ya shiga buga mata baya yana waige-waige, ma'aikatan duk sun ba su baya. Mafi kusa wata yarinya ce siririya, tana jera kofuna a tebur na uku.

U Thaung Nyein bai yi tunani ba. Da ya yi, da bai yi ba. A duk shagon shayin Burma, daga Yangon har ƙauyen da ba shi da suna, hanya ɗaya ake kiran mai kawo abinci, alƙali da ɗan dako duk ita suke bi. Ya ɗaga hannu, ya tsuke leɓɓansa, ya ja iska ya yi ƙarar sumba. Sau biyu, da ƙarfi, yadda za ta ratsa hayaniya.

Ta ratsa.

Yarinyar ta juyo. Ta ga tsoho yana kallon ta, hannu a sama, baki a tsuke. Teburin da ke kusa ya yi tsit, na bayansa ma ya bi. Wata uwa ta juyar da kan 'yarta. Yarinyar ta ajiye kofin da ke hannunta a hankali, wuyanta ya yi ja har kunne, ta juya ta shige ciki da sauri.

Wani ma'aikaci ya kawo ruwa a guje. Madam Seah ta sha, tarin ya lafa. Ta ja jakarta daga kujerar da ke tsakaninta da tsohon ta ɗora a cinya.

"Kai," in ji Bernard a hankali, yana kallon sa da wani sabon ido. "Ashe gunkin yana da rai. Yaya, kin ga tsohon bunsuru? A gabanki fa. Sa'ar 'yar cikinsa."

Kafin U Thaung Nyein ya gama gane abin da ya yi, manajar gidan ta iso, doguwar mace da baƙar riga, yarinyar tana bayanta tana share ido. Manajar ba ta dube shi ba. Da Madam Seah ta yi magana. Ta ce ma'aikatanta ba kayan wasa ba ne, yarinyar nan daga Ipoh ta tsallako iyaka ta zo neman abinci ba neman wulaƙanci ba, kuma a ƙasar nan abin da tsohon ya yi laifi ne da 'yan sanda suke karɓa. Ta ce akwai kyamara. Ta tambaya ko akwai wanda zai yi magana a madadinsa, ko ta kira.

Bernard ya ɗaga hannu biyu ya ce su ma yau suka fara ganin sa, ba danginsu ba ne tukuna, kuma ba ya jin Turanci.

U Thaung Nyein ya dubi matakala. Ba Hnin Wai, ba alamarta.

Hanya biyu ce, kuma ya ga ƙarshen kowacce. Idan ya yi shiru, shi ne tsohon da ya yi wa yarinya sumba a gaban surukai, kuma ba uwar da za ta sa rana da gidan da ya fito. Idan ya yi magana, 'yarsa ce maƙaryaciya. Ya auna su. Ya ga ta biyun ko ba komai ana iya ɗauke mata ita.

Ya tashi tsaye. Ya gyara wuyan rigarsa. Ya fuskanci yarinyar, ya yi Turanci.

Ya ce yana neman afuwarta da zuciya ɗaya. Ya ce a ƙasar da ya fito, wannan sautin shi ne yadda ake jawo hankalin mai hidima, ba ya ɗauke da wata ma'ana ta rashin mutunci, kuma ya yi shi ne cikin gaggawa saboda baiwar Allah da ke gefensa ta shaƙe tana buƙatar ruwa. Ya ce duk da haka jahilcin al'adar wuri ba hujja ba ce ga mai shekarunsa, kuma ya yarda ya ɓata mata rai. Jimloli ne masu kyau. Kowacce ta tsaya da ƙafarta, ba kuskure ko ɗaya.

Manajar ta saurare shi har ƙarshe da baki a ɗan buɗe. Sannan ta juya ga Bernard.

"Me ya ce?"

Ta sake juyowa, ta ɗaga murya, tana raba kalmomi.

"Ankul. Turanci. Ka iya Turanci?"

Wani a teburin baya ya tuntsire. Bernard ya rufe baki da tawul, kafaɗunsa suna rawa.

U Thaung Nyein ya tsaya. Zufa ta bi bayansa ta shiga cikin wandon. Ya san abin da ake so, karyayyen Turanci. Ya sha jin 'yan ƙasarsu suna yin sa a wuraren gini da bakin kasuwa, yana kawar da kai. Ya nuna Madam Seah, ya kama maƙogwaronsa, ya yi tarin ƙarya. Ya ɗaga butar ya kifa ta.

"Madam tari. Ruwa babu. Ni kira. Ƙasata, kira haka. Ba mugu ba. Haƙuri. Haƙuri, 'yata."

Ya haɗa tafin hannuwansa ya sunkuya wa yarinyar, sunkuyon da bai taɓa yi wa na ƙasa da shi ba.

Wannan kowa ya gane.

"Oh," in ji manajar. Fuskarta ta saki, har da ɗan tausayi, wanda ya fi fushin ciwo. Ta tambayi yarinyar ko ta haƙura. Yarinyar ta gyaɗa kai ba ta ɗago ba. Manajar ta ɗaga masa yatsa kamar yaro ta ce nan Singafo ce, ba a yin haka, a nan hannu ake ɗagawa. Ta nuna masa yadda ake ɗaga hannu. Ya ce ya gode. Suka tafi, hayaniyar gidan ta dawo a hankali.

Ya zauna. Bai ga komai a teburin ba sai ɓawon gyaɗa.

"Yaya, kin ji?" in ji Bernard yana share hawaye. "Mu Mu ce ta dawo da wando."

"Yi mini shiru."

Ba ta ɗaga murya ba, amma Bernard ya haɗiye sauran. Madam Seah tana kallon tsohon. Jan da ke fuskarta yanzu ba na barkono ba ne.

"Ni na ji ka tun a na farko," ta ce. "Kowace kalma. Wanda ya yi wannan jimlar ba a titi ya tsinci Turanci ba. Mene ne aikinka?"

"Malami ne. Na yi ritaya."

"Malamin me?"

Ya mayar da idonsa kan ɓawon gyaɗar. Ta gane.

Ta ajiye kofinta daidai a kan da'irar da ya bari a tebur. Ya ga tana komawa baya a ranta, tana bi ɗaya bayan ɗaya: fasfo, zani a taga, jikoki, Mu Mu. Ya yi tsammanin kunya za ta sa ta sassauta. Ya manta cewa akwai mutanen da idan ka gan su a tsirara, kai ne mai laifi.

"Ka zauna a teburina," ta ce, "ka ci gyaɗata, kana murmushi, kana tattara maganata kamar ɗan leƙen asiri. Na yi shekaru ina koyar da yara. Na yafe daƙiƙanci, na yafe rashin kunya. Ƙarya ce ban taɓa yafewa ba."

A daidai nan Clement da Hnin Wai suka hawo, suna dariya, Clement yana nuna girman kifin da hannu. Hnin Wai ce ta fara ganin fuskokin. Dariyar ta mutu a bakinta.

"Zauna, Hazel. Mahaifinki ya yi mana jawabi."

Bernard ya ba su labari a gurguje, har da kwaikwayon ƙarar, Clement yana cewa "Ankul, don Allah" ba tare da ya san wane Ankul yake roƙo ba. Hnin Wai ba ta zauna ba. Ta riƙe bayan kujera.

"Tambaya ɗaya zan yi," in ji Madam Seah. "A gidana, da bakinki, kika ce ba ya jin ko kalma ɗaya. Wa ya shirya wannan?"

"Ni ne."

U Thaung Nyein ne ya amsa. Ya yi maganar a hankali, da cikakken Turancinsa, tunda yanzu ya san akwai kunne ɗaya a teburin da ke ji. Ya ce shi ya umarci 'yarsa ta faɗi haka. Ya ce yana so ne ya ji irin gidan da za ta shiga, ya ji abin da ake faɗa idan an ɗauka ba kowa. Ya ce ta ƙi, ta yi kuka, ya tilasta mata, kuma a ƙasarsu 'ya ba ta musu da uba. Idan akwai maƙaryaci a teburin nan, shi ne.

Ƙarya ce mai kyau, ita ma ba kuskure a cikinta.

Madam Seah ba ta dube shi ba. 'Yarsa take kallo.

"Haka ne?"

Gilashin tsakiyar tebur yana juyawa a hankali, wani ya taɓa shi bai sani ba. U Thaung Nyein ya kafa ido a kansa. Ya shirya mata hanyar da kansa, ya share ta, yana so ta bi. Abin da bai sani ba sai yanzu shi ne, a can ƙasan ransa, yana jiran ta ƙi.

"Haka ne, Anti," in ji Hnin Wai. "Shi ya ce."

Madam Seah ta numfasa. Ta ce to, ita ba ta kama 'ya da laifin uba. Yarinyar da ta bi umarnin mahaifinta har ya kai ta ga wannan, za ta iya bin na miji da na suruka. Za ta kai ranakun haihuwarsu a duba, a fitar da rana mai kyau kafin ƙarshen shekara.

Clement ya saki ajiyar zuciya, ya kai hannu zai kama na Hnin Wai.

"Ban gama ba."

Ta goge bakinta da tawul, ta ninke shi.

"Ranar aure, ango da amarya suna durƙusawa su miƙa wa iyaye shayi, a gaban dangi duka. Ba zan zauna a kujera ɗaya da mutumin da ya yi mini wannan ba. 'Yan'uwana ba za su ji labarin yau ba, kuma ba za su ji muryarsa ba. Ya koma gida kafin ranar, ku ce jikinsa ne ya motsa. Bernard zai karɓi shayin a madadinsa."

"Mama," in ji Clement. Iyakar abin da ya ce ke nan.

"Ba da kai nake ba. Hazel, ke nake saurare."

Aka kawo kifin a dogon faranti, yana tururi, bakinsa a buɗe. Ma'aikacin ya ajiye shi, ya juya kansa ya fuskanci babban baƙo kamar yadda aka saba, wato U Thaung Nyein, ya yi gaba.

Tsohon ya ɗago ya dubi 'yarsa. Ya yi mata magana da Burmanci, ƙasa-ƙasa, ya ce duk abin da ta zaɓa shi ubanta ne.

Ba ta dube shi ba. Ta ja kujerar ta zauna, ta ɗauki sabuwar butar da aka kawo da hannu biyu, ta cika kofin Madam Seah.

"Wane wata kike gani, Anti?"